Yadda Na Kori Taubashina Daga Tukunyar Bature

Ni ne ba ni da gaskiya. Gara in faɗi haka tun yanzu, kafin labarin ya yi mini daɗi a baki in koma kare kaina, don na san halina. Wanda na zalunta taubashina ne, ɗan goggona. Ba a kan gona ba ne, ba a kan mace ba. A kan wani wasan ƙwallo ne wanda duk garinmu mutum biyu kaɗai suka san dokarsa, ni da wani Bature, kuma Baturen ba ya jin Hausa.

Shekarar da aka canja mana kuɗi daga fam zuwa naira ce, fari ya riga ya shimfiɗa tabarma a ƙasarmu. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallonmu muna kallonsa, har ya bushe a tsaye. Gulbin da ya bi ta bayan garinmu, tsakanin Sabon Birni da Isa, ya koma rairayi zalla. Mata na tona ramuka a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsatso kamar kyautar marowaci. Cikin wannan hali aka turo mana Baturen don ya ƙara wa rijiyoyi zurfi. Aka nemi mai jin Turanci. Ni na gama firamare a Isa, Turancina bai cika cokali ba, amma da babu gara ba daɗi. Aka ce ni ne tafinta.

Gajere ne mai kauri, ba shi da wuya ko kaɗan, kai kawai aka ɗora bisa kafaɗa kamar tulu a kan gammo. Kunnuwansa sun murɗe kamar busasshiyar kuɓewa, hancinsa ya karkata gefe guda. Ranar farko na kira shi mutumin Ingila, ya yi ja fiye da yadda rana ta mayar da shi. Ya ce shi ɗan Sikotilan ne. Daga baya na gane abin da na yi masa daidai yake da ka dubi Bagobiri da tsagarsa har kunne ka ce masa Bakatsine. Ya ce su ma garinsu a bakin iyaka yake, tumaki sun fi mutane yawa, kuma ruwan sama yana damunsu har su gaji su yi ta zaginsa. Wannan ban fassara wa mutane ba, don kada a jefe shi. Daga nan na fara gane cewa tafinta mai rariya ne, abin da ya ga dama shi ke wucewa.

Wata la'asar, bayan an tashi daga aiki, ya jawo wani ƙwallo daga ƙarƙashin kujerar motarsa. Dogo ne mai tsini biyu, kamar gwanda. Tsohon da ke shugabantar mahaƙa rijiya ya juya shi a hannu ya ce, "Tahinta, tambaye shi, mota ta taka shi ko haka anka haihe shi?"

Bature ya kai mu cikin rairayin gulbi, ya ja layi nan, ya ja wani can da nisa, ya yi bayani ina juyawa. Za ka rungume ƙwallon ka ruga da shi ka dire bayan layin abokan gaba. Su kuma aikinsu su kayar da kai. In ka ga za ka sha ƙasa sai ka jefa wa naka, amma baya ake jefawa, ba gaba ba.

"Ana son a ci gaba, amma baya aka jehwawa?" in ji tsoho. "To ai wanga ba wasa ba na, gwamnati ta."

Akwai kuma lokacin da ƙarti ke sunkuyawa, su sarƙe hannuwa a ƙugun juna, su haɗa kai da na abokan gaba su yi ta turi kamar raguna, a jefa ƙwallon ƙarƙashin ƙafafunsu. Muka sa wa wannan suna karo. Wasan kansa muna ce masa ɗauki-ruga. Sai bayan shekaru na ji a rediyo ana ce masa zari-ruga, na yi mamakin ashe akwai wasu mahaukatan a duniya ban da mu.

Kada wani ya ɗauka son wasa ne ya tara mu. Tukunya ce. Aikin rijiya mutum kaɗan yake ɗauka, kuma Bature ya lura magidantan garinmu ba sa shiga layin abincin agaji. Mutum ya gwammace ya kwana da ruwa a ciki da a gan shi riƙe da kwano a ƙofar gidan mai gari. Sai ya ce a ƙasarsu ba a sa mutum gudu a sallame shi haka nan, bayan wasa dole 'yan wasa su ci tare. Ya sa aka kafa babbar tukunya a gindin wani gawo, ana dafa niƙaƙƙiyar alkamar nan ta agaji da mai da gishiri. Kowane ɗan wasa ya ci a nan, a kuma cika masa kwano ya kai gida. Ba sadaka ba ce, abincin 'yan wasa ne. Da wannan 'yar dabara, mutanen da rabonsu da gudu tun ranar da wanzami ya biyo su suka gano ashe su 'yan ƙwallo ne. Har ladanin masallacinmu ya zo, ya ce shi a karo zai tsaya, can baya inda ba a ganinsa.

Ni kuwa na zama gwani. Ko dai in ce na zama wanda ba a kayarwa, don ba mai son ya karya bakin Bature. Ina da siraran ƙafafu kamar na zalɓe, da ɗan sauri, kuma ba na jefa wa kowa. In na kama ƙwallo sai layi. Mata masu ɗiban ruwa a ramukan gulbi suna kallo, ni kuwa lokacin ban yi aure ba.

Ni da ƙafata na je na kira taubashina. Ɗan kokawa ne, sunansa ya kai Gatawa, ya kai Burkusuma, ya tsallaka iyaka. A can Nijar ya taɓa kayar da wani ƙato, wani attajiri ya ba shi farin rago a tsakiyar fage, aka rako shi gida da kiɗa. Amma kokawa sai an yi kaka, mu kuwa mun manta kamannin kaka. Ragon an daɗe da musanya shi da gero, geron ma an cinye. Yana da mata da 'ya'ya ƙanana, ga uwarsa, goggona, yayar babana. Irinsa ba zai shiga layin agaji ba ko za a binne shi. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini ubangidan da ba ya ciyarwa.

"Bawana, tashi mu tahi. Yau dai za ni ciyar da kai."

"Da mi? Da Turanci?"

Ya zo. Bature ya zaga shi kamar mai sayen raƙumi, yana taɓa wuyansa yana gyaɗa kai. Aka sa shi ɓangaren da ba nawa ba. Na gaya masa aikinsa: duk wanda ya riƙe ƙwallo, ka tsayar da shi. Aka fara. Na kama ƙwallo, na kauce wa wannan, na kauce wa ladan, ina jin idon mata a bayana, sai kawai na ji ƙafafuna suna gudu amma ba sa taɓa ƙasa. Taubashina bai kayar da ni ba. Ɗaga ni ya yi, da ni da ƙwallon, ya saɓa a kafaɗa kamar ɗan akuyan da za a kai kasuwa. Ya nufi layinmu ba gaggawa, yana gaisawa da mutane a hanya. Ya dire ni a hankali bayan layi, ya kakkaɓe mini riga.

"Ga ƙwallon, ga mai ƙwallon," in ji shi. "Nawa munka ci?"

Bature ya faɗi a rairayi yana dariya har da tari. Da ya farfaɗo ya ce doka ba ta yarda ba, amma bai taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba. Rabin farko kawai na fassara. Wata mata daga cikin rami ta ɗago kai ta ce, "A kawo zane a goya shi mana!" Kafin magariba duk gari Goyo ake ce mini.

Daga ranar Bature ya koma wajensa. Ya sa shi a gaban karo, wurin da shi kansa yake tsayawa a ƙasarsu. Abin da ya fi ba ni haushi, ba sa bukatata. Bature ya kama kafaɗarsa ya saukar, ya buga masa ƙugu, ya nuna masa inda zai kafa ƙafa, taubashina ya gane nan take. Jiki da jiki suke magana, ni ina tsaye da Turancina kamar mai tallan goro a gidan marasa haƙori. Wata rana Bature ya ce mini in ya tashi tafiya, usur da aikin horar da 'yan wasa zai bar wa wanda mutane ke bi. Bai kira suna ba, amma ba ni yake kallo ba.

Wata azahar muna hutawa a inuwar gawon nan, na tambaye shi abin da ya baro da shi daga ƙasar ruwa zuwa ƙasar da ba ruwa. Ya naɗe wando ya nuna mini gwiwarsa, duk ɗinki. Ya ce tun yana saurayi yake yi wa garinsu wasa, shekara da shekaru a gaban karo, can kunnuwansa suka lalace. An taɓa kiransa gwajin shiga ƙungiyar ƙasarsu, saura ƙiris gwiwa ta ci amanarsa. Da ya daina sai ya koma horar da samarin garin, kuma a hannunsa suka yi ta cinye maƙwabta. Sannan ya ce wasansu yana da wata doka: don so ake yinsa, ba don lada ba. Duk wanda ya taɓa karɓar wani abu saboda wasa, an raba shi da shi har abada. Shi kuwa da ƙuruciya, shekarar da masaƙar ulu ta sallami ubansa, ya taɓa tsallaka iyaka wata Asabar ya yi wa masu biya wasa da sunan aro. Abin da suka ba shi bai wuce cefane ba. Sai da ya fara furfura wani ya tono maganar. Dattawan ƙungiya suka zauna, suka ce kada ya ƙara horar da kowa, ko filin ma kada ya taka.

"Muguwar doka ce," in ji shi. "Masu cikakken ciki ne suka yi ta."

Mutumin kirki zai ji wannan ya ji tausayi. Ni na ji na tuna da farin rago.

Ba a daɗe ba siminti ya ƙare, Bature ya tafi Sakkwato nema, ya ce zai jima don sai ya bi ofis-ofis. Ya bar mini usur na wucin gadi, da yake ni na san dokoki. Washegari na tara 'yan wasa a gulbi, na rataya usur a wuya, na gyara murya kamar mai shelar hakimi. Na ce Bature ya bar saƙo. Dokar wasan nan ita ce, duk wanda aka taɓa yi wa kyauta a fagen wasa, kowane irin wasa ne, ba shi ba ɗauki-ruga.

Wuri ya rikice kamar an kawo wa malamai mas'alar gado. Wani ya ce shi an taɓa ba shi goro a wasan langa, ya shiga ciki? Na ce ɓari ne ko guda? Ya ce ɓari. Na ce ɓari ba ya karyawa. Ladan ya tambaya ko kiran salla wasa ne, don akan ba shi dami in an yi kaka. Na wanke shi. Ɗaya bayan ɗaya na yi ta wanke mutane, har ya rage mutum guda da ba ya wankuwa, kuma kowa ya san shi, don kowa ya raka ragon nan da rawa.

Tsohon mahaƙi ya nuna gindin gawo da haɓa. "Tahinta, to tukunyag ga hwa? Ita ba lada ba ta?"

"Ita kayan aiki ta, Baba. Kamar man da aka zuba ma mota."

"Ashe," in ji shi. "Mu motoci na."

Taubashina da farko dariya yake yi. Tsammaninsa wasan taubasai ne na kai shi gaban mutane. "Ubangida, in goyon nan na ya dame ka, zo ka goya ni mu yi canjaras." Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba. Ya dube ni, dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Bature na yac ce haka, ko kai na?"

"Wallahi daga bakinshi na ji dokag ga."

Kun ga irin rantsuwar da na yi. Ba kalma ɗaya ta ƙarya a cikinta, kuma dukanta ƙarya ce.

Bai yi gardama ba. Ya ɗauki kwanon da ya zo da shi ya kife a ka kamar hula don a yi dariya, aka yi, ya hau gaɓar gulbi ya tafi. Ni a tunanina zai yi fushin kwana biyu ya zo ya roƙe ni a ɓoye, in ce na yi masa alfarma, ya dawo a ƙarƙashina. Na manta da wanda nake hulɗa. Mutumin da bai shiga layin gwamnati ba, ba zai shiga nawa ba. Kafin Bature ya dawo ya kwashi matarsa da 'ya'yansa sun bi motar goro zuwa kurmi. Goggo ta ce ita ba inda za ta, ta dawo gidan babana.

Labarin dokar ya kai kunnenta, amma bai ba ta mamaki ba. Da ma ba ta son kokawa, da layunta da kiɗanta. Ta ce ga shi har Nasara ya gane ba sana'ar kirki ba ce. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne ɗanta ƙato ya bar ta cikin yunwa ya tafi. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce wancan. Ni kuwa sunan mahaifinta aka sa mini, tana ce mini Babana. Kullum da yamma ni ke kai mata kwano cike har ya yi tozo, don ludayin a hannuna yake. Ta karɓa ta yi ta sa mini albarka.

"Babana, kai ka haihu. Wancan ƙarhin banza na. Rago guda anka ba shi kainai ya kumbura."

Ina cewa amin. Albarkar nan na yi ta ci ba ta taɓa maƙale mini a wuya ba, wannan ma wani abin kunya ne daban.

Da Bature ya dawo, kafin ya kashe mota ya tambayi ina babban mutum. Na ce ya tafi cin rani. Na zauna na yi masa kyakkyawan bayanin cin rani, yadda al'adarmu ce tun kaka da kakanni. Ya ce an yi asara. Ba wanda zai iya gaya masa wani abu daban, don duk garin baki ɗaya ne gare shi, kuma a fuskata yake.

Yana da wasu 'yan wasan a Isa, 'yan dako da ma'aikatan rijiyar can, sai ya ce zai haɗa mu. Ni ya ba tsara mutanenmu. Gaban karo ba wanda ya yarda ya tsaya, na tura ladan. Karon farko 'yan dakon Isa suka tura mu baya, suka ci gaba da turawa. Su ba su ji usur ba, mu ba mu iya tsayawa ba, har muka hau kan wani jaki da ke kwance a gefen fili. Jakin ya tashi ya harbi ladan. Ni kuwa da na kama ƙwallo, na ga ashe mutanen Isa suna da nasu tafintan, ba su da abin da za su yi da bakina. Wani mai ɗaukar buhunan gishiri ya kayar da ni ya zauna a kaina, ya ƙi tashi sai da ya huta. A hanyar dawowa, a bayan mota, ladan sai nishi yake yi. Can tsoho ya tofar da yawu ya ce, "Rago guda ya ja muna wanga."

Da aikin rijiyoyi ya ƙare, Bature ya tara mu a gindin gawo ya yi dogon jawabi. Ya ce an raba shi da wasan da yake so a ƙasarsu, a nan ya sake samunsa. Ya ce abin da ya fi so a wurinmu shi ne nan ba a tambayar mutum abin da ya taɓa karɓa, duk wanda ya zo da ƙafa biyu da yunwa ɗan wasa ne. Ya ce kada mu yarda wani ya kawo mana muguwar dokar nan ta ƙasarsu. Ya juyo gare ni in fassara.

Na ce, "Ya ce Allah shi ba mu damina mai albarka."

Aka ce amin. Tsoho ya karkata kai. "Duk dogon zancen ga?"

"Turanci karan dawa na, Baba. Tsawo da yawa, zangarniya kaɗan."

Ya bar mini usur da ƙwallon, da yake wanda ya so ba ya nan. Haka na zama mai horar da 'yan ɗauki-ruga na duk ƙasar Gobir. Mulkina bai daɗe ba. Ranar da buhun alkama na ƙarshe ya ƙare, 'yan wasana suka tuna duk suna da ciwon baya. Ruwa ya sauka, gulbi ya kawo ya cinye filin. Daga baya na samu koyarwa a firamaren garinmu, na ce za ni dasa wasan a makaranta. Ƙayar aduwa ta fasa ƙwallon, na cusa masa tsumma, ya yi nauyin da in aka jefa wa mutum sai ya zauna. Da ba mai ƙaryata ni, kullum ina ƙago sabuwar doka, har na kai ga wadda ta ce ba a kayar da malami. Iyaye suka kai ƙara wajen hedimasta a kan yagaggun riguna, aka ce in koma koyar da fareti. Nan aikina na horarwa ya tsaya, ban taɓa cin kowa ba.

Taubashina bai dawo ba. Yakan aiko da goro da turmin atamfa, goggo ta karɓa ta ce wa ɗan aike a gaishe shi, shi ke nan. Duk suna ko biki in mata suka zauna, sai ta ba da labarin shekarar fari, wa ya gudu, wa ya tsaya. Sunansa da a da makaɗa ke kira a fage ya koma abin misali a bakin uwarsa. Ni in na ji sai in sunkuyar da kai, mutane suna ɗauka tawali'u ne. Na sha shirya a raina yadda za ni faɗa mata gaskiya, musamman cikin azumi. In salla ta wuce sai in ga ai ba gaggawa.

Bayan shekara goma da wani abu fari ya komo, zamanin wani mulkin sojan. Wannan karon ba Bature, ba tukunya. Goggo ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya toshe, sai an yi ihu take ji. Da labari ya kai kurmi cewa an shiga wuya, taubashina ya taso da buhunan garin kwaki. Dako ya yi ta yi a kasuwar can duk shekarun nan. Ya rage tsawo, bayansa ya lanƙwashe, gashinsa ya yi fari kafin nawa. Na yi ta kewaye-kewaye kada mu haɗu, in ya bi ta kasuwa in bi ta maƙera, har goggo ta aiko a kira ni.

Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, da hantsi. Shi yana tsaye gefe. Tsakar gida cike da matan maƙwabta, ana auna musu garin da ya kawo.

"Wancan," in ji ta, da ƙarfin muryar kurame, "durƙusa ka gode ma ɗan kawunka. Shi ya riƙe ni sadda ka gudu."

Na ce a bari, ai ba komai, yi wa kai ne. Ba ta ji ba. Shi kuwa ya durƙusa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an karya kara. Na duba idonsa ina neman zolaya ko zargi, da na samu da na ji sauƙi. Babu ko ɗaya.

"Ɗan kawu, na gode. Allah shi saka maka," in ji shi. "Kuma kada ka ce ko na riƙe Baturen nan a rai. Dokassu ta, kai aike na anka yi ka. Ni dai tun ranan nan ban ƙara shiga hwage ba. Can kurmi 'yan Arewa sun sha kirana, har da kiɗa, na ƙi. Na ce abin da ya hana ma uwata tuwo, ba ni ƙara kusantatai."

Duk shekarun nan ina kwana da tunanin ya gane, yana dai jira ne ya rama, kuma wannan tunanin yana rage mini nauyi. Ashe yarda ya yi. Na ce masa wallahi, shi kuma ya ɗauka wallahi ce.

Na durƙusa a gabansa, gwiwa da gwiwa. Na yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji, na ce, "Ɗan goggo, ba Bature ba na."

"Mi yac ce?" in ji goggo. "Babana, ɗaga murya, ka san kunnena."

Na ɗan ɗaga. Ta sa hannu a bayan kunne ta girgiza kai. Mai aunar gari ta tsaya da kwano a hannu. Ta bayan danga na ga kawuna suna fitowa ɗaya-ɗaya. Na yi niyyar in yi tubana a ɓoye kamar mai cin goro da azumi, Allah bai nufa ba. Na cika ƙirji kamar za ni kiran salla, na buɗe baki har mutanen bakin rijiya suka ji:

"Goggo! Bai gudu ba, ni nik kore shi! Bature bai ce a kori kowa ba, ni nik ƙaga, don ya ɗaga ni gaban mata! Tuwon da nike kawo maki rabon ɗanki na, albarkad da kike sa mani tashi ta! Ɗan goggo, na cuce ka. Na raba ka da gida, na raba ka da hwage, na raba ka da bakin uwarka. Ka yahe mani don Allah. In ba ka iyawa yau, za ni komo gobe in sake hwaɗi, da ƙarhi haka."